Keken da Aka Ce Na Auna

An fasa gangaren nan na bayan garinmu. Kwanakin baya na je gida ta'aziyya, ƙaramar bas ta ɗauko mu daga Tudun Wada. Ina zaune gefen taga ina jiran inda direba zai rage gudu ya sa lamba ɗaya, kowa ya kama salati kamar yadda aka saba, sai kawai na ga mun wuce. Katafila ta yanka dutsen gida biyu, an cike kwarin, hanya ta bi ta tsakiya shimfiɗe kamar tabarma. Samarin da ke cikin motar ko kai ba su ɗaga daga wayoyinsu ba. Ban ce wannan ba ci gaba ba ne. Mata masu naƙuda sun sha wuya a gangaren nan, kuma duk wanda ya taɓa tura keke da buhun masara ya hau shi ba zai yi kukan rashinsa ba. Amma da na waiga ban ga wurin ba, sai na ji kamar an share mini wata shaida, duk da na san dutse bai taɓa buɗe baki ya shaidi kowa ba.

A zamanin da nake magana a kai, keke ne motar kowa. Tun kafin a fito daga sallar asuba za ka fara jin su: kukan kariya da aka ɗaure wa kaya da igiyar roba, ƙararrawar da ta sha ruwan sama ta dishe, da kuma ƙis-ƙis ɗin nan da tayar baya take yi idan mahayi ya daina taka feda ya bar keke yana tafiya da kansa. Mahaifiyata tana cikin gida tana surfe, ba ta leƙo ba, za ta gaya maka mai wucewa. Wannan mai kananzir ne, wancan liman ne, don shi kaɗai yake sa wa sarƙarsa man gyaɗa, nasa ba ya kuka. Aikina na farko kowace safiya, kafin in ɗauki allo ko jakar makaranta, shi ne keken Baba. In fito da shi daga zaure, in goge laka da tsumma, in bi ƙarfen taya da toka har ya yi ƙyalli, in matsa taya da babban yatsa in ji ko tana son iska. Baba yakan ce shi ba ya ba mutum aron keke sai ya ga yadda yake jingine nasa. Yanzu babura sun cika garin, ana sayar da fetur a kwalba a kowace kwana, kuma duk kukansu ɗaya ne. Ba na jin akwai matar da za ta iya gane mai wucewa daga bakin turmi, in ma har yanzu ana surfe a turmi.

Na dawo daga jami'a a shekarun da gwamnati ta tsuke bakin aljihu, aka daina ɗaukar ma'aikata. Na gama hidimar ƙasa, na kai takardu duk inda aka ce in kai, na dawo gida ina jira. Mutum mai digiri a ƙauye ba shi da wurin zama. In ka je gona a ce me ya kai ka, in ka zauna a gida a ce ka fi ƙarfin gona. Saboda haka na koma yini a rumfar Sabo. Sabo abokina ne tun muna tsallake-tsallake a rafi, ɗan gidan maƙeran garinmu, tare aka yi mana kaciya, tare muka yi firamare, shi ya tsaya ni na wuce. Ya buɗe rumfar gyaran keke a gindin wata ɗorawa kusa da maƙerar mahaifinsa, yana da mata da jaririya. Mutum ne mai saurin hannu da saurin dariya. Ni kuwa, ko a lokacin, sai na juya magana sau da yawa a raina kafin in furta ta, kuma in na furta sai na bi ta da “ina jin” ko “wataƙila”. Yakan ce in aka tambaye ni sunana sai na ce bari in duba.

A ƙarshen damina hanyoyinmu jar laka ce mai santsi. In ta shafi ƙarfen taya, robar birki ba ta kamawa, ka matse hannu har ya yi ciwo keke na tafiya abinsa. Ga robar ma ta yi wuyar samu a shekarun nan. To, a tayar baya akwai wani ɗan ƙaramin haƙori da sarƙa ke hawa, masu gyara suna ce masa firiwil, shi ne ke barin taya ta juya alhali ƙafa tana hutawa. In ya lalace, sabo sai an je birni. Ban san wanda ya fara dabarar ba, na ji an ce daga wajen masu haƙar kuza ta zo, amma ban tabbatar ba. Dabarar ita ce a kai firiwil ɗin maƙera, a narka tagulla a cike cikinsa, ya zama dunƙule guda da taya. Daga nan feda da taya sun zama abu ɗaya: taya na juyawa ƙafa na juyawa, ba hutu, kuma in ka danne feda baya keke ya rage gudu ko da laka ta kai ina. Muna kiransa ɗaurarren keke. Samarin Fulani da ke saukowa daga rugagen kan tudu su suka fi son sa, don su ne kullum a kan gangare da buhun gishiri ko dusa.

Sai dai akwai abin da na lura da shi a zaman rumfa, tunda ba ni da aikin yi sai kallo. Wasu kekunan da aka ɗaure sarƙarsu tana zamewa, wasu ba ta zamewa. A keke na yau da kullum zamewar sarƙa ba komai ba ce, ka ja birki ka sauka ka mayar, ka goge hannu a ciyawa. A ɗaurarre kuwa sarƙar ita ce birkin. In ta zame a gangare, ba abin da ya rage tsakaninka da ƙasa. Na yi ta dubawa har na gane cewa zafin wuta yana ɗan karkatar da haƙorin, ko ya zauna ciki-ciki ko waje-waje, sai sarƙa ta riƙa tafiya a karkace daga farantin feda zuwa baya. Ido ba ya gani sosai. Sai na ɗauko zaren ɗinkin hula, in kifa keke, in miƙa zaren a jikin farantin in ja shi har tayar baya, in duba tazarar da ke tsakaninsa da ɗan haƙorin. In ƙwayar gero ce kawai za ta shiga, ban taɓa ganin irin wannan ya zubar da sarƙa ba. In ƙwayar dawa ta shige, to sai an sake, a ƙara wosha, ɗan zoben ƙarfen nan, a gefe ɗaya a rage a ɗaya, a bi wayoyin taya a daidaita. Ban ce haka injiniyoyi suke aunawa ba, ni labarin ƙasa na karanta. Amma abin ya yi aiki. Samarin gari suka sa mini suna Injiniya Gero, Fulani kuma suna ce mini Modibbo, wato malam a yarensu, rabi girmamawa rabi tsokana. Aka wayi gari ba mai karɓar ɗaurarren keke daga rumfar Sabo sai ya tambaya ko Modibbo ya sa zarensa. Ba zan ɓoye ba, na ji daɗin wannan. Shi ne kaɗai abin da nake da shi a garin wanda ba takarda ba.

Cikin Fulanin nan akwai gidan Baffa Yero. Abokin Baba ne tun suna samari, kuma tsakaninsu akwai amana irin wadda yanzu in ka ba da labarinta sai a ga kamar ƙari kake yi. Kowace kaka, da an kwashe dawa, shanunsa suke sauka a gonarmu su ci kara su zuba taki, mu kuma mu aika masa da damin hatsi, ba ciniki ba lissafi. Ina yaro a rugarsa nake hutun makaranta. Shi ya koya mini tatsa, shi ya cire mini ƙaya a tafin ƙafa da bakin aska yana ba ni labarin kura don kada in yi kuka. Ranar da zan tafi jami'a ya sauko da ƙafa tun daga tudu don kawai ya dafa kaina. A duk garin, in aka ce a zaɓi mutum ɗaya da nake so ya riƙa ganina da gaskiya, shi zan zaɓa, wataƙila ma kafin mahaifina.

Babban ɗansa, Ja'e, shi ya kawo kekensa a ɗaure masa. Keke ne da ya sha ado, an naɗe ƙahonsa da zaren roba ja da kore, madubi biyu, amma ya sha faɗuwa, kuma cibiyar tayar bayan ta cinye. Sabo ya yi nasa aikin a wuta, ya ɗaura, na kifa keken na ja zare. Ƙwayar dawa ta shige har da sauran wuri. Muka ƙara wosha, muka rage, muka yini a kai, abin ya ƙi zama, don cibiyar tana rawa. Na ce wa Sabo sai an sami wata cibiya. Ya ce kai Malam, don haka yake kirana, wannan ɗan abin, ai Bafulatani ba ya jin ƙarar sarƙa, kukan saniya kawai yake ji. Na ce ba ƙara nake tsoro ba, gangare nake tsoro, kuma zan je Tudun Wada in nemo, kada a ba da keken nan sai na dawo. Na daɗe ina bincikar kaina a kan wannan jimla, ko na sassauta ta kamar yadda na saba. Iyakar abin da zan iya tunawa, ban sassauta ba. Har rataye keken na yi da hannuna a reshen ɗorawa, na cire sarƙar na sa a gwangwanin kananzir.

A Tudun Wada ban samu ba. Wani mai kayan keke ya ce in gwada Ƙofa, akwai wani tsoho da yake tara tsofaffin tayoyi. Na bi motar kasuwa, na samu, amma dare ya yi mini, na kwana gidan wata gwaggona. Washegari, ranar kasuwar Doguwa, na iso gida bayan azahar da cibiyar a aljihun riga, na zarce rumfa. Reshen ɗorawa ba komai a kansa. Sabo yana faci, bai ɗago ba, ya ce Ja'e ya zo jiya da yamma da abokansa, duk sun yi kwalliyar kasuwa, ya matsa, har yana cewa in ba a gama ba zai kai wa wani mai gyara a Doguwa, shi kuma ya ɗan ƙara matse sarƙar ya ba shi. Ya ce in kwantar da hankalina, ba abin da zai faru. Ban tsaya amsa masa ba. Na ɗauki keken Baba ba tare da na tambaya ba, abin da ban taɓa yi ba, na nufi hanyar gangaren, ina fatan in tare shi kafin ya dawo daga kasuwa da kaya.

A gindin gangaren na same su. Gishiri ya watse a kan jar laka, keken yana kwance a gefe, sarƙar ta faɗa tsakanin haƙori da wayoyin taya ta naɗe. Abokansa sun ɗora shi a kan wani mayafi, gwiwarsa ta dama ta juya inda gwiwa ba ta juyawa. Bai yi kuka ba, Fulani ba sa yi. Gumi kawai yake yi, leɓensa ya bushe. Da ya gan ni sai ya ɗan yi murmushi, ya ce da ni a hankali:

“Modibbo, ashe zaren naka ma yana kuskure?”

Na ce wane zare. Ɗaya daga cikin abokan ya ce ai sun tambaya kafin su karɓa, Sabo ya ce Modibbo ya auna da safe kafin ya tafi, gero ma da ƙyar ta shiga.

Bayan an kai shi gidan maɗori na koma rumfa. Sabo ya riga ya ji, ya tattara kayansa yana zaune a kan benci. Na tambaye shi abin da ya gaya musu. Ya daɗe yana murza wani noti a hannu, sannan ya ce:

“To me kake so in ce musu? In ce ban iya aikina ba sai ɗan boko ya dawo daga yawo? Rumfar tawa ce ko taka?”

Na ce taka ce, amma sunan nawa ne.

“Sunanka,” in ji shi. “Kai ai sunanka yana rubuce a takarda da hatimi. Wa zai goge shi?”

Na tsaya ina kallonsa, ina jira ya ce Allah ya sa tsautsayi ne, ko ya ce in yafe masa, ko mu tashi mu je tare mu faɗi gaskiya. Na san shi, na san yana da wannan a cikinsa, ko kuwa dai na zaci haka. Sai ya miƙe ya ce magariba ta yi.

A zauren Baba aka zauna, bayan la'asar, kwana kaɗan da faruwar abin. Baffa Yero bai zo ba, kuma ba wanda ya sa ran zai zo. Ja'e ɗan fari ne, kuma Bafulatani irin na da ba ya kama sunan ɗansa na fari, ba ya nuna damuwa a kansa a gaban mutane, ko da kuwa ciki yana ƙuna. Ƙaninsa Baffa ya turo. Akwai mai unguwa, akwai liman, akwai mahaifin Sabo da hannuwansa masu tabon wuta a kan gwiwa. Ƙanin Baffa ya yi magana a natse, ya ce ba ƙara suka kawo ba, abin da Allah ya rubuta ya riga ya faru, amma maɗori ya ce ƙafar ba za ta koma daidai ba, kuma yaron da ba zai iya bin shanu kudu da rani ba, an san abin da ya rasa. Suna so kawai su san yadda aka yi, don samarinsu da yawa suna hawan irin wannan keke. Mai unguwa ya juya ga Sabo. Sabo ya sunkuyar da kai ya ce shi wuta da guduma ne nasa, awo kuwa kowa ya san na Malam ne.

Kowace kalma a ciki gaskiya ce, shi ya sa ta fi ƙarya ciwo. Na gyara zama zan yi magana, har na ce “Allah ya gafarta malam”, sai Baba ya ɗaga hannu ba tare da ya dube ni ba. Ya ce ba sai an ja zance ba. Ya ce yaronsa ne ya auna, awon bai yi daidai ba, ilimin takarda ne da bai gama nuna ba, kuma shi a matsayinsa na uba ya ɗauki nauyin, zai ji da maɗori, zai kuma hau tudu da kansa ya ba amininsa haƙuri. Liman ya ce madalla da dattako. Aka shafa fatiha. Na shafa tare da su, don hannuna ya riga ya ɗagu. A cikin gida na ji mahaifiyata tana daka da ƙarfin da ba na hatsi ba ne, ga shi kuwa ba lokacin daka ba ne.

Da aka watse Baba ya ce in tsaya. Na zaci zai tambaye ni yadda aka yi, na shirya zan nuna masa cibiyar da har lokacin take aljihuna. Sai ya ce:

“Na san ba kai ba ne. Na ga keken a rataye ranar da ka tafi.”

Na ce to Baba, me ya sa.

“Kuskure ana yafe shi,” in ji shi. “In suka ji ƙarya aka yi musu, ba Sabo kaɗai za su bari ba, garin za su bari, da kasuwar da gonakin. Gidan maƙeran nan su suke yi mana garma tun kakanka. Kai takardarka za ta fitar da kai daga nan, ko bana ko baɗi. Shi ina za shi da mace da goyo?”

Na yi shekaru ina juya wannan magana. Na yi aikin koyarwa har na yi ritaya, na riƙe makarantu, na raba rigingimu, kuma ba zan ce ban taɓa fahimtar abin da ya hango ba. Mai yiwuwa ya ceci garin daga wani abu da ni ban gani ba. Dattawan lokacin haka suke gyara, su duba wanda zai iya ɗaukar kaya su ɗora masa, ba lallai mai kayan ba. Yanzu an daina, kowa ya san haƙƙinsa, ƙaramar magana sai ofishin 'yan sanda, kuma tsakanin manoma da makiyaya a yankinmu an kai inda ba a zama zaure ɗaya. Wani lokaci nakan ce tsarin da ya fi. Amma ban taɓa iya cewa haka da dukan zuciyata ba, domin na san yadda ake ji in kai ne aka zaɓa, kuma ba a ko tambaye ka ba. Su Baba ne suka sayar da akuya da gyaɗa suka tura ni karatu, suna alfahari, ashe karatun nan shi ne zai zama dalilin da za a ce ni ne wanda garin zai iya rasawa. Sabo kuwa ya ci gaba. Ya bar ɗaura kekuna, ya koma babura da suka fara shigowa, Allah ya buɗa masa. A ta'aziyyar nan ma mun gaisa, ya riƙe hannuna da hannu biyu yana gaya wa 'ya'yansa cewa wannan abokina ne na yarinta, tare aka yi mana kaciya. Na duba idonsa ko zan ga wani abu. Ban gani ba. Ina jin ya manta da gaske, kuma ban san ko wannan ya fi sauƙi ko ya fi muni ba.

Takardar ɗaukata aiki ta zo kafin a gama girbi, makaranta ce a wajen Yako. Ana gobe zan tafi na yanke shawarar hawa tudu. Ban gaya wa Baba ba. Na tsara maganata tun a hanya, gajeriya, ba “wataƙila” a cikinta ko ɗaya. Ba na neman a hukunta kowa, ba na neman a sake zama. Mutum ɗaya kawai nake so ya sani.

Na isa da hantsi, an gama tatsa, shanu sun fita. Baffa Yero yana zaune gindin wata kanya yana tufka igiya. Da ya hango ni sai ya miƙe tsaye, ya kira matarsa ya ce a kawo tabarma. Aka kawo sabuwa, wadda ake ajiye wa baƙi. Dada, matar tasa da take korata da muciya in na sa hannu a ƙwaryar kindirmo kafin a raba, ta zo ta durƙusa nesa ta gaishe ni da Hausa, ta ajiye ƙwarya a rufe da faifai ta koma. Ya tambaye ni gajiya, ya tambayi mutanen gida ɗaya bayan ɗaya, ya tambayi ruwan bana a wajen Ƙofa. Daga wata bukka na ji tari, na san na Ja'e ne, amma bai fito ba, ba a kuma ce in shiga ba. Na ce Baffa, yaya mai jiki. Ya ce jikin kowa da sauƙi, sai dai wata karsana da ke ɗingishi tun shekaranjiya.

Na ajiye ludayin, na ce Baffa, akwai maganar da na zo da ita a kan keken nan. Na ce ban auna shi na ce ya yi ba.

Bai daina tufkar ba. Ya kai ƙarshen igiyar, ya ƙulle, ya gwada ƙarfinta a gwiwa, sannan ya ɗago ya dube ni, karo na farko tunda na zauna.

“Mahaifinka ya hau tudun nan da ƙafarsa,” in ji shi. “Ya zauna inda kake zaune, ya gaya mini yadda aka yi. Ka zo ka ce mini ƙarya ya yi?”

Na dubi ƙwaryar, na dubi bukkar, na dubi tsohon nan da ya yi shekara da shekaru bai taɓa jin ƙarya daga bakin Baba ba. Na ce a'a, Baffa, ban ce ba.

Ya ce to madalla. Ya ce in gai da amininsa, in gaya masa da an kwashe dawa shanu za su sauka kamar kullum. Ya yi mini addu'ar sa'a a wurin aiki, doguwa, mai kyau. Da na tashi ya ɗauki sandarsa ya biyo ni, muka wuce turken maruƙa, muka wuce gonar masararsu, har bakin rafi. A nan ya tsaya ya ba ni hannu, ya ce in sauka lafiya. Tun ana goya ni ake zuwa da ni rugar nan, ba a taɓa yi mini rakiya ba sai ran nan.